Yadda mai shiru-shiru zai iya da jama'a, mai son jama'a kuma ya iya zama da kansa

Da wuya ka shiga gida a Zariya ba ka tarar da su biyun ba. Akwai wanda in an yi baƙi sai a neme shi a rasa, ya shige ɗaki ya turo ƙofa, sai an watse ya fito yana tambayar su wa suka zo. Akwai kuma wanda in aka aike shi sayo gishiri a bakin titi sai an gaji da jiransa, don sai ya tsaya wurin mai shayi, ya leƙa shagon tela, ya raka wani har Ƙofar Doka. Na farkon a kan ce yana da hankali, ran da aka ji haushinsa kuma a ce miskili ne. Na biyun a ce yana da faran-faran, ran da ya ishi mutane a ce bakinsa ba ya gajiya.

Dukansu suna asara. Mai shiru ana raba abu a gabansa a tsallake shi, a yanke shawara a kansa ba a ji ta bakinsa ba, ya san amsa a aji wani ya faɗe ta ya karɓi yabon. Mai son jama'a kuwa ya san kowa amma aikin da ke son zama wuri ɗaya ya gagare shi, ya ɗauki alkawari goma ya cika uku, ya furta abin da zai kwana yana da-na-sani.

Muna cewa hali zanen dutse ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba na kiran kowa ya kankare halinsa. Abin da nake so ka iya shi ne aro: ka ɗauko ɗabi'ar ɗaya ɓangaren lokacin da buƙata ta taso, ka yi aiki da ita, ka ajiye, ka koma yadda kake ka huta. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya yaɗa wannan rabe-raben a 1921, shi da kansa ya ce babu mutumin da yake tsantsar ɓangare ɗaya. Yawancinmu muna tsakiya ne, mun ɗan karkata nan ko can.

Mataki na farko: gano inda ka karkata

Kada ka auna kanka da iya magana. Akwai malamin da zai yi awa biyu yana karantarwa a gaban ɗaruruwan ɗalibai a Samaru, in ya fito ba abin da yake so kamar ya rufe ofis ya zauna shi kaɗai. Akwai kuma wanda ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban taro, amma in ya wuni bai ga mutane ba kamar zai yi rashin lafiya. Ma'aunin shi ne abin da ranka yake nema bayan an tashi: ƙari ko hutu?

Sami ƙaramin littafi. Na mako biyu, duk lokacin da ka fito daga cikin jama'a, ko ɗaurin aure ne, ko lacca, ko kasuwa, ko hira a majalisa, rubuta abu uku: ina ne, mutum nawa ne kusan, kuma yaya ƙarfin jikinka yake daga 1 zuwa 5. Haka za ka yi in ka daɗe kai kaɗai. Ba a son dogon bayani, layi ɗaya ya isa.

In ka zauna ka duba, za ka ga abin da ba ka zata ba. Wani zai tarar ba mutane ne ke gajiyar da shi ba, hayaniya ce. Hira da mutum biyu tana ƙara masa ƙarfi, amma filin biki mai lasifika yana kwantar da shi. Masanin halayya Hans Eysenck ya yi bayani a 1967 cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru tana saurin cika da motsi da ƙara, ita kuwa ta mai son jama'a sai an ƙara mata kafin ta ji daidai. Masana sun yi ta gyara wannan bayanin daga baya, amma abin da ya ba mu yana da amfani: gajiyar da kake ji bayan taro ba ƙin mutane ba ce, kuma ƙaiƙayin fita da ɗan'uwanka yake ji ba rashin natsuwa ba ne.

Mataki na biyu: raba hali da tsoro

Nan ne aka fi ruɗewa a ƙasarmu, don haka zan ɗan daɗe.

An raine mu a kan kunya da kawaici da kara. Yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya tsoma baki in manya na magana, amarya ba ta sakin jiki gaban surukai. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na so ta ɓace. Matsalar ita ce mai tsoron mutane yana samun mafaka a cikinta. Shekara da shekaru ana ce masa "yaron nan akwai hankali", alhali shi ya san abin da ke hana shi magana bugun zuciya ne da gumin tafin hannu.

Ga yadda za ka bambance. Mai shiru na hali yana iya magana in ya so, bai dai ga dalili ba ne, kuma in ya koma gida ransa a kwance yake. Mai tsoro yana so ya yi magana ya kasa, ya koma gida yana maimaita abin da ya kamata ya faɗa har barci ya ƙi zuwa. Na farkon hutu yake buƙata. Na biyun atisaye yake buƙata, kuma duk ranar da ya guje wa taro tsoron ƙaruwa yake yi.

Addini bai bar mu cikin duhu a nan ba. Manzon Allah (SAW) ya ce kunya ba ta zuwa sai da alheri. Amma Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kunyar da ta hana ɗaliba ɗaga hannu a Islamiyya ta tambayi hukuncin da ya shafi sallarta, ko ta hana magidanci gaya wa likita ainihin inda ke masa ciwo, ba ita ake yabo ba.

Shi ma mai son jama'a yana da tasa tambayar. Kana fita ne don kana jin daɗin mutane, ko don in ka zauna shiru wani tunani yake taso maka wanda ba ka son fuskanta? Bashi, ko karatun da aka bari, ko maganar da ya kamata a yi da uwargida. Majalisa wurin ɓuya ce mai kyau ga irin wannan, don babu mai zargin mutumin da ke cikin raha.

Abu ɗaya kuma da bai kamata a ɗauke shi wasa ba. In tsoron mutane ya kai ga hana ka zuwa aji, aiki ko masallaci, ko mutum mai fara'a ya janye kwatsam ya daina cin abinci da barci yadda ya saba, ko wani ya koma magana ba tsayawa dare da rana ba ya barci yana kashe kuɗi ba lissafi, to an wuce batun hali. A je asibiti a ga likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa da mu, kuma waɗannan abubuwa ne da ake magancewa.

Mataki na uku: zaɓi abu ɗaya da ya cancanci wahalar

"Ina so in zama mai sakin jiki" ba niyya ba ce da za ta kai ka ko'ina. A 2015 Nathan Hudson da Chris Fraley na Jami'ar Illinois a Amurka sun bi ɗalibai na mako 16 suna duba ko mutum zai iya sauya halinsa da gangan. Sun ga ana samun sauyi, kaɗan-kaɗan, kuma waɗanda suka tsara takamaiman abin yi, irin "in kaza ya faru zan yi kaza", su ne tsarin ya yi wa amfani. Buri a dunƙule bai taimaka ba.

Don haka ka fara da dalili. Kana da kare kundin digiri a gaban malamai nan da wata uku. Kin fara sana'ar turaren wuta kina son masu saye. An naɗa ka sakataren ƙungiyar unguwa. Ko kuwa, a ɗaya ɓangaren, kana son haddace izu biyar, ko matarka ta ce ba ka sauraronta. Masanin halayya Brian Little ya daɗe yana nuna cewa mutum yana iya fita daga halinsa na ɗan lokaci saboda abin da yake ƙauna, muddin zai samu wurin komawa ya huta. Zanen aro ba ya rufe katara, shi ya sa ba a kwana da shi. A ɗaura a je biki, a dawo a ninke.

Rubuta jimlarka a littafin nan. "In shugaban taro ya ce akwai mai magana, zan ɗaga hannu kafin mutum na uku ya gama." "In na idar da sallar Asuba, ba zan taɓa waya ba sai na karanta shafi biyu." Jimla ɗaya, ba biyar ba.

Mataki na huɗu, ga mai shiru-shiru

Ka yi sa'a da aka haife ka cikin Hausawa, domin an riga an rubuta maka farkon kowace hira. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya muka ji da sanyi. Ba sai ka ƙirƙiri komai ba. Aikinka na makon farko shi ne ka riƙa fara gaisuwar maimakon jira a gaishe ka, da murya da za a ji, fuska a sake. A mako na biyu ka ƙara tambaya ɗaya bayan gaisuwar ta ƙare, wadda ta shafi mutumin shi kaɗai: "Baba, yaya ƙafar? Kun koma asibitin kuwa?" ko "Yaya, an fara girbin masarar?" Sannan ka saurara, abin da ka riga ka fi kowa iyawa. Mutane ba sa tuna wanda ya fi yawan magana kamar yadda suke tuna wanda ya tambayi ƙafarsu.

Daga nan sai kasuwa. Shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ka yi ciniki na gaske, ka taya, a ce albarka, ka ƙara kaɗan, ka yi kamar za ka wuce. Magana ce da baƙo wadda take da farko da ƙarshe, kuma in ta ɓaci ba abin da ka rasa sai tumatir.

Taron biki shi ya fi wuya, kuma dabara uku ke sauƙaƙa shi. Ka je da wuri, tun mutane ba su fi biyar ba, don shiga cikin taron da ya riga ya cika ya fi nauyi a kan taron da ya cika kana ciki. Ka nemi aiki: rabon goro da dabino, shimfiɗa tabarmi, nuna wa baƙi wurin zama. Ke kuma a gidan suna ki karɓi zuba abinci ko riƙon jaririn. Mai aiki a hannu ba ya tsayawa yana tunanin inda zai sa idonsa, kuma maganar tana zuwa da kanta. Na uku, ka yanke lokacin tafiyarka tun daga gida. Sanin cewa ƙarfe biyu za ka tashi yana sa ka saki jiki kafin biyun.

Ka lura da masu ɗinkin hannu a zaurukan cikin birni. Mutum huɗu ko biyar a kan tabarma, kowa da wuyan babbar riga a cinyarsa, ido na kan allura. Wani ya jefo magana, a yi shiru ana ɗinki, can wani ya amsa, a yi dariya, a sake yin shiru. Babu mai kallon fuskar wani, babu wanda shirun ya dama. Irin wannan zaman ya fi dacewa da kai. Nemi abota a inda hannu ke aiki: gyaran babur, aikin gayya, kitso, tsintar shinkafa, karatun rukuni kafin jarrabawa.

A wurin mitin kuwa, ka rubuta jimlarka ta farko a takarda tun daga gida, ka faɗe ta da wuri. In ka bari sai ka gama tace ta a zuciya, an wuce wurin. Ba laifi ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana a kan wannan, amma a ba ni zuwa gobe in kawo ta a rubuce." Wannan ma magana ce, kuma ta sa an san kana nan.

Za ka yi zaton duk wannan azaba ce zalla. Masanin halayya William Fleeson da abokan aikinsa sun gwada a 2002, suka sa mutane su yi magana da kuzari a ƙaramin taro, sai aka ga har masu shiru-shirun sun fi jin daɗi a lokacin da suka saki jiki. Sau da yawa fargabar kafin a je ta fi zaman kansa ɗaci.

Mataki na biyar, ga mai son jama'a

Naka aikin ya fi wuyar ganewa, don duniya ba ta cika nuna maka kana da gyara ba, sai dai a bayan idonka.

Fara da daƙiƙa uku. Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyarwa a Amurka, ta auna a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka sa su jira uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara. Gwada a gida. Ka tambayi ƙaninka abin da ke damunsa, ka ƙirga uku a zuci bayan ya yi shiru. Abin da zai faɗa bayan shirun nan shi ne ainihin maganar, kuma shekaru ke nan kana taka ta da taka amsar.

Na biyu, in wani ya ba ka labari, kada ka ce "ai ni ma". Yi masa tambaya ta biyu a kan nasa labarin. Na uku, daina amsa roƙo nan take. "Bari in duba, zan gaya maka bayan Magariba" za ta cece ka daga rabin alkawuran da ke zubar maka da mutunci.

Sai zama kai kaɗai. Minti goma bayan Asuba, ba waya, ba rediyo. WhatsApp ma majalisa ce, don haka in tana hannunka ba ka kaɗaita ba. Ranakun farko za ka ji kamar ana tsikarinka. Kada ka tashi. Riƙe alƙalami ka rubuta abin da ya zo, ko ka yi azkar ɗinka a hankali kana jin ma'anarsu. In goma ta zauna, mai da ita ashirin, sannan ka ɗora aikin da kake gudu a kai. Imam Ghazali ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u yana jera amfanin kaɗaita da amfanin cuɗanya, bai ce ɗaya ya fi ga kowa ba, ya ce a duba mutum da halin da yake ciki. Hadisi ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu, wani hadisin kuma ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Kai ka riƙe na farkon da kyau, saura na biyun. In Allah ya kai mu goman ƙarshe na azumi kuma kana da hali, i'itikafi makaranta ce da aka tanadar maka.

Zaman makoki ma yana koyarwa. Ka je, ka yi ta'aziyya, ka yi addu'a, ka zauna kusa da mai rashin ba tare da ka buɗe hirar siyasa ko ƙwallo ba. Zamanka shi yake buƙata.

Mataki na shida: biya kanka

Wannan ne ake tsallakewa, kuma shi ke sa mutane su watsar bayan mako biyu. Wani bincike da aka buga a 2019 daga Jami'ar Melbourne a Ostareliya ya sa mutane su yi mako guda cur suna nuna halin masu son jama'a. Waɗanda suka fi shiru-shiru a cikinsu ba su ci ribar da sauran suka ci ba, sun fi gajiya, suna kuma jin kamar ba su ba ne. Awa biyu daban, mako guda ba hutu daban.

Saboda haka duk fitar da ta ci maka ƙarfi, ka sa mata hutu a bayanta tun kafin ka fita. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello yana da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko bakin dam da yamma. Magidanci yana da masallaci tsakanin Magariba da Isha'i, ko tafiya a ƙafa maimakon hawa Keke. Mace a gidan yawa ita ta fi shan wuya, don rufe ƙofa kaɗai ya isa a ce tana fushi ko tana gaba. Gara ta faɗa a fili tun da wuri: "Inna, in na dawo daga taro kaina kan yi nauyi, zan ɗan kwanta rabin awa in fito." In aka ji dalilin sau biyu sau uku, an daina fassara shi.

Tashi daga taro ma akwai ladabinsa. Kada ka sulale. Je wurin mai gidan ka ce, "Kawu, zan koma, Allah ya sanya alheri." Sallamar nan ita za a tuna, ba tsawon zamanka ba.

Mai son jama'a shi ma ya biya kansa. In ka cika awa biyunka na karatu, tafi majalisar ka sha shayinka da zuciya ɗaya. Sai dai aikin ya riga hirar.

Mataki na bakwai: nemi mai kishiyar halinka ka riƙe shi

A 2013 masanin halayya Adam Grant ya duba cinikin ma'aikata 340 masu tallar kaya ta waya. Waɗanda suka fi kawo kuɗi ba masu zafin baki ba ne, ba kuma masu shiru sosai ba, na tsakiya ne, masu iya magana su kuma iya saurare. Kafin ka kai can da kanka, ka samu tsakiyar ta hanyar haɗa kai da wani. A shago, ɗaya ya tari masu saye, ɗaya ya riƙe lissafi, amma ranar Laraba, misali, ku yi musaya na awa ɗaya. Ku ba juna izinin tuni: shi ya taɓa ka in ka katse wani, kai ka ce "Malam yana da magana" in ka ga ya buɗe baki ya rufe.

Tsakanin mata da miji abin ya fi zafi, don kowa yana ɗaukar halin ɗayan a matsayin saƙo. Ita tana ganin shirunsa ƙi ne, shi yana ganin yawan zuwa bikinta gudun gida ne, ko kuma akasin haka. Ku zauna farkon wata ku jera bukukuwa da ziyarce-ziyarcen da ke tafe, ku ware na dole, kamar na dangi na kusa da gaisuwar rasuwa, sauran kowa ya san wanda zai je shi kaɗai ba tare da an ƙullace shi ba.

Iyaye kuma, don Allah a daina ce wa yaro "kurma" ko "aku" a gaban mutane. Sunan yana manne masa ya zama iyakarsa. Mai shirun a aike shi saƙon baki gidan goggonsa, a gaya masa abin da zai faɗa, in ya dawo a tambaye shi yadda aka yi. Mai surutun a ba shi aikin da sai an zauna, a kuma saurari labarinsa in ya gama.

Mataki na ƙarshe: koma ga littafin

Bayan wata uku ka sake yin awon mako biyun nan, ka kwatanta da na farko. Kada ka tambayi kanka ko ka zama wani mutum, ba za ka zama ba. Duba abin da ka sa a gaba: ka yi magana a mitin ɗin? An haddace izun? Sannan ka tambayi mutum ɗaya da ba ya yi maka kara, yayarka ko abokin da kuka taso tare, ko ya ga wani bambanci. In jimlar da ka rubuta ta zama jiki har ba ka tuna ta, soke ta ka rubuta wata mai ɗan nauyi. In kuwa ka kasa ta fiye da rabin lokaci, ta yi girma ne, rage ta: maimakon magana a gaban taron unguwa, fara da faɗin ra'ayinka ga mutum biyu a hanyar dawowa daga masallaci, ka riƙe hakan wata guda kafin ka ƙara.